Injiniyan Mashaya

Famfon da ya mutu murus ba ya wahalar da mai gyara. A zo, a gwada, a ga abin da ya ƙone, a faɗi kuɗinsa, a tashi. Wanda ke hana barci shi ne wanda masu shi ke cewa "yana yi, yana tsayawa". Da hantsi ya yi ta zuba, kafin azahar ya yi ɗif, can an jima ya sake tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ranar da mai gyara ya hawo babur daga Dutse ya wuni a gindinsa, ranar ko tari ba zai yi ba. Yana juyawa gida, kafin ya hau kwalta, waya ta sake shigowa. A watan Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, fadamu suka tsage, garke uku ko huɗu na iya tsaye a kan kwami ɗaya suna jiran irin wannan famfo ya ga dama.

Masu wannan aiki ba su da suna ɗaya. A gari mai gyaran sola ake ce musu, ko mai gyaran burtsatse. A ruga kuwa kowa Injiniya ne, ko ya taɓa shiga aji ko bai taɓa ba, muddin ya zo da mita a jaka kuma ruwa ya fito kafin ya tafi. Aikinsu ya haɗa sana'a uku da a da kowace ke da mai ita: akwai na mai wayarin, akwai na mai haɗa bututu, akwai kuma wani abu na tsohon mai haƙar rijiya, wato sanin halin ƙasa da na ruwan da ke cikinta. Wannan na ukun shi ya fi ƙaranci, kuma shi ke raba gwani da mai lalube.

Dalili kuwa ƙasar Jigawa ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi. Daga Dutse zuwa Birnin Kudu da Gwaram, fa ne kwance a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ya leƙo waje ya zama duwatsun da suka kewaye Garu a Dutse. Ruwan da ake samu a nan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsage-tsagensa, don haka rijiya biyu da ke kusa da juna sai ɗaya ta wadata ɗaya ta yi rowa, kuma mai rowar takan ja baya sosai a ƙarshen rani. Da an nausa arewa maso gabas, ta Jahun da Miga zuwa ƙasar Haɗeja, sai a shiga shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Tafkin Chadi. Can ruwa ya fi yalwa, sai dai yashi mai laushi na biyo shi ya ci cikin famfo. Mai gyaran da ke yawo a ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse yana aiki ne a kan iyakar waɗannan ƙasashe biyu. Alama ɗaya a akwatin da ke sarrafa famfo tana iya nufin abu kaza a Buji, ta nufi wani daban a Miga.

Shanu kuma ba baƙi ba ne a nan. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda ya girmi duk wata masarauta da ke yankin a yau, yawancinsa na shanu ne. Shayar da su da rani kuwa kullum aikin ƙarfi ne: guga da igiya, ko wasaki da sa ke ja, daga asuba har rana ta take. Tuƙa-tuƙa ya zo ya taimaki gida, amma ba a shayar da garke da shi sai hannu ya sage. Injin dizal ya zo da nasa, wato wa zai sayi mai. Bayan an ƙirƙiri jihar a 1991, gwamnatoci sun gwada hanyoyi daban-daban. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta haɗa kai da gwamnatin jiha aka kafa sola a wasu ƙauyuka, har da famfunan ruwa, tun lokacin farantin sola abin kallo ne. Zamanin Gwamna Sule Lamido aka kafa famfuna masu aiki da iska a makiyayu. Daga baya aka yi ta mayar da gidajen ruwa masu injin zuwa sola. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai mai gona da mai kiwon turke da ƙungiyar unguwa duk suka bi sahu, don lissafin ya fito fili. Kowace rijiya da aka ɗora wa faranti ta zama abin da wata rana za a kira wani ya duba.

Lissafin mashaya mai sauƙi ne, kuma mara tausayi. Babbar saniya da bazara takan sha lita 30 zuwa 40 a wuni, mai shayarwa ta fi haka. Shanu 400 ke nan sun tashi da lita 12,000 ko fiye, ban da tumaki da awaki, ban da raƙumin da in ya kafa kai zai iya shanye lita 100 a tsayuwa ɗaya, ban da matan ruga da jarkokinsu. Famfon da ke ba da lita 2,000 a awa, in ya samu awa shida ko bakwai na rana mai ƙarfi, da ƙyar ya cika wannan. Babu rara. Awa biyu da famfo ya yi yana hutun da ba a sa shi ba, shanu ɗari ne ba su sha ba. Makiyayi kuma ba zai tsaya kallon dabbarsa tana lasar busasshen kwami ba. Zai kaɗa ta zuwa inda ruwa yake, inda ruwa yake da rani kuwa sau da yawa lambun wani ne. Jigawa na da hukuma sukutum ta sasanta manoma da makiyaya, amma wani rikicin da za a kai gabanta tun a wata waya da ta kwance a cikin akwati ya fara.

Jakar mai gyara ba ta da nauyi. Mita ce babba, mai auna ƙarfin wuta da kuma nuna ko waya ta tsinke a ciki. Sai filaya, sukundireba iri-iri, salatif, gutsattsarin waya, ƙaramin burushi, tsumma. Wanda ya yi ƙarfi yana da mita mai baki da ake maƙalawa a waya a ga yawan wutar da ke bi, da na'urar gwada ko rigar wayar motar famfo ta fara yoyo. Sai kuma abin auna zurfin ruwa. Na kanti yana da tsada, don haka da yawa sukan haɗa nasu: doguwar waya mai harshe biyu, a ɗaura mata ƙarfe a baki, a yi mata alama kowace mita, a zura a rijiya. Da bakin ya taɓa ruwa, allurar mita ta motsa. In ka ga mai gyara ba ya ɗauke da wannan, to rabin aikin kawai ya sani.

Gwani ba ya fara buɗe akwati. Tambaya yake fara yi, kuma ba shugaban kwamitin mashayar yake tambaya ba, yaron da ke wuni a wurin yake nema. Da wane lokaci yake tsayawa? Kullum lokaci ɗaya, ko yadda ya ga dama? In ya tsaya, tanki a cike yake ko wayam? Wace fitila ce ke kamawa a akwatin? Kafin ya tsaya, ruwan na fita da tari da kumfa, ko yankewa yake yi farat ɗaya? Dattijon ruga zai ce, "Injiniya, ai tun da aka yi iskar nan bai sake daidai ba." Shi kuma ya ce, "Baffa, iskar ta yaushe, ta ranar kasuwa ko wadda ta gabace ta?" Wannan hira rabin gyara ce, domin cutar da ke zuwa tana tafiya ba a kama ta da mita sai an san sa'arta.

Daga nan sai ya bi wuta daga sama zuwa ƙasa. Farantan farko. Ƙurar hunturu na iya kwantawa a kansu har ruwa ya ragu a ga kamar famfo ne ya tsufa, alhali tsumma da bokiti ne maganin. Inuwar reshe ɗaya ta darbejiya da ta faɗo kan faranti guda tana rage ƙarfin duk layin da aka jera shi a ciki, kuma da yake inuwa tafiya take da rana, sai a samu famfon da ke sanyi daidai ƙarfe uku kullum. Zafi ma na rage su. Ana auna ƙarfin faranti ne a ma'aunin zafi 25, kuma kowane ɗigo ɗaya da ya hau sama yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, ga shi da bazara gilashin kan wuce 60. Sai mahaɗan waya, inda rana ta gasa roba ta tsage. Duk wannan aikin minti talatin ne ga wanda hannunsa ya faɗa. In wuta ta isa akwati lafiya amma akwatin ya ƙi sakin ta, to wani ne ya ce masa kada ya saki. Masu faɗa masa haka su ne 'yan ƙananan na'urorin da masu gyara ke kira sansa, kuma a kansu sana'ar take.

Na farko yana cikin tanki, can sama. Wata 'yar roba ce mai iyo, a ɗaure da waya, da ƙwallo a cikinta. In ruwa ya ɗaga ta ta kai wani karkace, ƙwallon ya gangara ya danna makunni, akwati ya ji cewa tanki ya cika, ya tsai da famfo. Abu ne mai araha, kuma yawancin ƙaryar da ake yi wa famfo daga gare shi take fitowa. In an rataye shi daidai inda ruwa ke faɗowa, igiyar ruwan za ta yi ta wasa da shi, famfo ya yi ta tashi yana kwanciya. In an ɗaure wayarsa gajere, tazarar da ke tsakanin "ya cika" da "ya ragu" ta zama 'yar kaɗan, shanu biyu su sha famfo ya tashi, minti uku ya tsaya. Wani lokaci ya sarƙe a jikin bututu ya tsaya a sama, yana rantsuwa tanki cike yake alhali ko ɗigo babu. Wani lokaci ruwa ya shige shi ya nutse. Wayoyinsa uku ne, biyu ake amfani da su, kuma wanda ya ɗauki biyun da ba su ba zai samu famfo mai tashi in tanki ya cika, ya kwanta in ya ƙare. Sannan ga doguwar wayar da ta taso daga tanki zuwa akwati, wadda ɗan kwangila ya binne tsirara ba bututu: gara ta same ta, gafiya ta same ta, kofato ya tono ta. Da rani ƙasa a bushe, ba a jin komai. Ranar da tanki ya yi ambaliya ya jiƙa wurin, harsunan wayar biyu su haɗu ta cikin laka, famfo ya ƙi tashi har sai ƙasa ta bushe. Wanda bai san wannan ba sai ya ce aljanu.

Na biyu yana cikin rijiya, kuma shi ne ya cancanci a daɗe a kansa. Famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda 'yan kasuwa ke kira sumo, ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi, shi ne kuma man da ke hana cikinsa gogayya. In ya juya a bushe, ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi lalacewa. Don haka ake ɗaura masa mai gadi a sama da shi kaɗan. A famfunan Lorentz na Jamus wani ɗan gwangwani ne mai abin iyo da maganaɗisu a ciki. A SQFlex na kamfanin Grundfos na Denmark ɗan ƙarfe ne a jikin wayar motar, wanda ke ji in ruwa ya sauka ƙasa da shi. Famfunan Chana da suka cika kasuwa kowanne da irin nasa. Aikinsu ɗaya: in ruwa ya ja baya, su tsai da famfo, akwati ya jira kamar kwata na awa ko fiye, sannan ya sake gwadawa.

To, a nan ne alamar take rikitarwa. Famfo mai aiki minti arba'in, ya huta, ya sake tashi, yana iya zama mai gadinsa ne ya lalace: yashi ya cushe abin iyon, ko tsatsar ruwa ta lulluɓe ƙarfen, ko mahaɗin wayar da aka naɗe da salatif maimakon ƙullin da ba ya shan ruwa ya fara jiƙa. Yana kuma iya zama mai gadin lafiyarsa ƙalau, gaskiya yake faɗa, rijiyar ce ba ta iya ba da abin da ake nema. Daga waje duk ɗaya ne, fitila ɗaya ce ke kamawa. Hanyar rabewa ita ce a zura wayar awo da sassafe kafin famfo ya tashi a rubuta inda ruwa yake, sannan a bi shi yana sauka, kowane minti goma, har lokacin da famfon ya tsaya. In ya tsaya alhali ruwa na sama da shi da mita da yawa, sansa ne maƙaryaci, a fito da shi. In kuwa ruwan ya sauko har kansa, to babu abin da ya lalace. An ɗora wa rijiya famfon da ya fi ƙarfinta ne, ko kuma rani ya yi nisa. A ƙasar dutse ta kudancin Dutse, daga Maris zuwa saukar ruwan farko, wannan na biyun ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

Maganinsa ba ya burge kowa. A shiga akwati a rage gudun famfon, ya riƙa jan daidai abin da rijiya ke tarawa. Ruwan da ke fita a bututu zai ragu a ido, mutane su yi gunaguni, amma famfon da ke zuba siriri tun safe har la'asar yakan tara fiye da mai zuba da ƙarfi yana suma. Wani sai ya ce a matse bawul kawai. Wannan yana yiwuwa a famfo mai fuka-fuki, amma a irin mai murɗaɗɗen ƙarfe a cikin roba, matse masa hanya ƙara masa nauyi ne ba rage gudu ba. In akwai sauran zurfi, a ƙara bututu a saukar da shi, ban da kai shi gindin rijiya inda laka ta kwanta.

Akwai kuma gajeriyar hanya, kuma ita ce babbar cutar wannan sana'a. A jikin akwati, inda wayoyin sansa ke shiga, in aka ɗauki ɗan guntun waya aka haɗa ramukan biyu, ko aka zare wayar gaba ɗaya, gwargwadon irin akwatin, to an rufe bakin mai gadi. Famfo ya tashi nan take, ruwa ya zubo, yara su yi sowa, a biya Injiniya har da kyautar nono. Kowane mai gyara na ƙwarai yana yin wannan haɗi, amma na minti biyar, don ya tabbatar daga ina umarnin tsayawa ke zuwa, sannan ya cire. Wanda ya bar shi a haka ya tafi ya yi gyaran gangar Auzinawa. In na tanki ya rufe, ruwa zai yi ta kwarara, gindin hasumiya ya zaizaye, kewayen kwami ya zama caɓi mai ruɓar da kofato. In na rijiya ya rufe, bayan mako biyu ko uku famfon zai sha iska da tsakar rana ya ƙone, kuma kuɗin sabo ya ninka na sansa sau da yawa. Abin haushin shi ne wanda ya yi ɓarnar shi ake yabo, don a gabansa ruwa ya zo. Wanda aka kira daga baya ya ce sai an sayi famfo, shi ne mai tsada. Ni a ganina duk kwamitin da ke riƙe da mashaya ya kamata ya koyi abu ɗaya ko bai koyi komai ba: bayan an gama gyara, a ce wa mai gyara ya ɗaga robar tanki da hannu a gaban kowa, a ga ko famfo ya tsaya.

Na uku shi ne idon da ke ganin motsi, kuma labarinsa ya ɗan bambanta. A lardunan kiwo na Kanada, irin su Alberta da Saskatchewan, inda sanyi ke daskarar da ruwa a kwami, sun ƙirƙiro mashaya mai irin wannan ido. Saniya na matsowa, idon ya gan ta, famfo ya turo ruwa cikin kwano. Tana tafiya, ruwan ya koma ƙarƙashin ƙasa inda ba ya daskarewa. Dabara ce mai kyau ga matsalarsu. Mu tamu matsalar ba ƙanƙara ba ce, don haka tanki a sama da bawul mai iyo a kwami sun fi mana, ba batir, ba abin da zai rikice sai in ƙaho ya samu bawul ɗin, shi ya sa ake gina masa murfi. Inda idon ya shigo mashayarmu shi ne ta wajen tsaro. Faranti da wayar tagulla kayan kuɗi ne a ajiye a daji, don haka ake kafa fitilar sola mai kamawa in an gitta, wani wurin har da jiniya. Ƙorafin da ake kawowa a kansa iri biyu ne: ko ya yi ta kamawa ba kowa har batir ya ƙare kafin tsakar dare, ko mutum ya zo har gindinsa bai gan shi ba.

Wanda ya san yadda idon yake aiki ba ya shan wahalarsa. Ba hoto yake gani ba, ɗumi yake ji. A bayan farar robar nan mai gida-gida akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu jin zafin da jiki ke fitarwa, robar kuma ta yanka filin gabansa zuwa layi-layi. In abu mai ɗumi ya ƙetare daga wani layi zuwa wani, ƙwaya ɗaya ta ji kafin ɗaya, wannan bambanci shi ne motsi a wurinsa. Saboda haka mai tahowa kai tsaye ya fi wuyar gani a kan mai gittawa, kuma mai gyara da ya san aiki gittawa yake yi in yana gwaji. Saboda haka kuma bazara ce maƙiyiyarsa. Jikin mutum na wajen 37, na saniya 38 da ɗoriya, fatar waje ma ba ta kai haka ba. A Dutse da Afrilu iska kan wuce 40 da rana, yashi da bulo su riƙe zafin har bayan magariba. In jiki da bangon da ke bayansa zafinsu ya zo ɗaya, idon ya makance, ko nisan ganinsa ya ragu ƙwarai. Na'urar da ke gani daga nesa da asubar hunturu ita ce ba ta gani sai an zo dab da ita da almurun bazara, kuma ba abin da ya lalace a cikinta. Sai dai a sauya mata kusurwa, a sa ta kalli inda dole a gitta, a daidaita tsayinta wajen mita biyu zuwa biyu da rabi.

Kamawar banza kuwa dalilanta sun fi yawa. Iska mai ɗumi da ke tasowa daga kwanon rufi, reshe mai kaɗawa a gaban bangon da ya sha rana, akuyar da ta mayar da gindin hasumiya makwanci. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan robar, tsaka ta bi ƙwarin da fitila ta tara, tururuwa su shige ciki ta ramin waya. Rana na cin robar kanta har ta yi ja ta yi gautsi. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba: batir da ya gaji. Fitila na kamawa ƙarfin wuta ya faɗi, tana mutuwa ya ɗago, wannan tsalle ya ruɗi idon ya sake kunna ta, haka za su yi ta yi har asuba. Gwajin da ke raba gardama shi ne a rufe idon ruf da baƙin salatif. In ya daina, daga waje abin yake. In ya ci gaba, a bar zargin akuya a duba wuta. Wasu sababbin fitilun kuma ba ɗumi suke ji ba, wata 'yar igiyar rediyo suke aikawa su saurari dawowarta. Zafi bai dame su ba, amma suna ji ta cikin roba da katako mara kauri, kuma reshe ko ruwan sama ya isa ya tashe su. Mai gyara da ya ɗauki wannan a matsayin wancan zai wuni yana juya abin da ba shi ne ba.

Yawancin masu sana'ar ta wayarin gida ko gyaran janareta suka shigo, wasu ta bin motar haƙar burtsatse, wasu kuma sun yi kwalejin fasaha a Dutse ko Kazaure ko Haɗeja. Ko ta ina aka shigo, koyon gaske a bayan babur ɗin maigida ake yin sa. Yaro ya fara da wanke faranti da hawa tanki, ya kai ga jan bututu, wanda aikin mutum huɗu ko biyar ne in rijiya ta yi zurfi, kuma a nan ake koyon cewa igiyar tsaron famfo ba ado ba ce. Wutar farantan da aka jera kan kai ɗaruruwan bolt, ba ta da makashi in ba an raba ta ba muddin akwai rana, kuma yaron da ya zare mahaɗi famfo na aiki zai ga tartsatsin da ba zai manta ba. Kaya daga Kano ake sayo su, Sabon Gari galibi, a biyo da su ta Wudil. Na jabu da na gaske kwalinsu ɗaya, don haka kowane mai gyara yana da shagon da ya yarda da shi. Wasu akwatunan zamani na magana da wayar hannu, su nuna tarihin duk tsayuwar da famfo ya yi da dalilinta, wasu har da layin waya a ciki masu aika saƙo gari. Inda sabis ya kai, sun rage wa mai gyara zirga-zirga. Sai dai abin da sansa ya faɗa musu shi suke kawowa, ko gaskiya ko ƙarya.

Wahalar da ta fi ta waya ita ce ta biya. Rijiyar mai gona tana da mai ita, a yi ciniki a gama. Mashayar makiyaya kuwa gwamnati ko wata ƙungiya ta gina ta miƙa, masu sha da yawansu masu wucewa ne, wasu daga Nijar suka gangaro, wasu za su kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Inda Arɗo da mai unguwa suka tsaya aka sa ɗan abin da kowane garke zai riƙa bayarwa, akan samu kuɗin kiran mai gyara tun ciwo na ƙarami. Inda babu, sai an jira ya mutu, a yi karo-karo, a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma. Kuma da wuya ka samu wurin da aka ajiye takardar rijiyar: zurfinta nawa, a ina aka rataye famfo, nawa ta bayar ranar da aka gwada ta. Ɗan kwangila ya tafi da ita, in ma ya rubuta. Masu gyara na kirki sukan rubuta nasu awon da alƙalami mara gogewa a cikin murfin akwatin, da kwanan wata, don wanda zai zo bayansu, ko da kuwa abokin hamayya ne.

Da hadarin farko ya haɗo a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kiran mashaya kan ragu, don tafkuna sun fara kamawa. Aikin sai ya sauya fuska. Tsawa ba sai ta faɗo kan faranti take ɓarna ba; in ta sauka kusa, doguwar wayar da ta tafi tanki ta kwaso ƙarfinta ta kai cikin akwati, kuma ƙofar sansa ce ke fara ƙonewa. Saboda haka makonnin kafin damina na duba sandar tagullar da aka kafa a ƙasa ne, a ga ko wayarta na nan ba a kwance ta an sayar ba, a ɗaure ƙusoshin da iska za ta gwada, a fasa gidan zanzaro a akwati, a toshe ramukan da ruwa zai bi. Wurin da ba za a yi amfani da shi ba sai kaka, wasu masu gyara kan ba da shawarar a kashe shi a zare wayar tanki gaba ɗaya, a mayar in ruwa ya ɗauke. Kaɗan ne ke biyan kuɗin wannan zuwa, tunda ranar famfo lafiyarsa ƙalau. Sauran sai a watan Nuwamba suke kira, a zo a tarar da akwatin da ya ƙone tun Agusta.